Laburaren makarantar yaranmu a garƙame, sun ce ba kuɗin ɗaukar mai kula da shi

Maman Hafsa, Aboabo (Kumasi, Gana):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga malaman da ke cikin wannan zaure. 'Yata da ke sakandare ta zo hutu, take gaya mini tun da matar da ke kula da laburarensu ta yi ritaya, ɗakin a garƙame yake. Littattafai na ciki, ana hango su ta taga, ba mai buɗewa. Da iyaye suka tambaya, sai aka ce ba a ba da izinin ɗaukar wani ba, kuɗi babu. Yarinyar nan a hannun matar ta koyi son karatu. Duk mako sai ta ba ta littafi, in ta mayar ta zaunar da ita ta ce, to ba ni labarin abin da kika karanta. Yanzu shiru. Don Allah albashin mutum ɗaya ne ya gagari ƙasa?

Tsohon Hedimasta, Asawase:
Wa alaikumus salam, 'yata. Maganar ta fi albashin mutum ɗaya. A makarantun gwamnati, hedimasta ba shi da ikon ɗaukar ko mai gadi. Sai Ma'aikatar Kuɗi ta ba da izini, sannan a ɗauki ma'aikata. In izinin ya fito, malaman aji ake fara dubawa, musamman na lissafi da kimiyya, don aji ba ya zama ba malami. Ma'aikatan da ba sa koyarwa, irin su mai laburare da mai sito, su ne a ƙarshen layi. In ɗayansu ya yi ritaya, kujerar ta zauna haka nan.

Ki kuma tuna halin da muka shiga. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100, a watan nan ne gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashin waje. A Mayun 2023 aka shiga yarjejeniya da Asusun Lamuni na Duniya a kan dala biliyan 3, aka ɗaure bakin jaka. Tun kafin nan ma, asusun GETFund da aka kafa a 2000 don gine-gine da kayan makarantu, dokar 2017 ta ƙayyade abin da zai riƙa samu, ragowar ta koma baitulmali. Sai a kasafin 2025 aka cire masa wannan takunkumi. Shekarun nan duka, abin da ba ya ihu shi aka fara yankewa, kuma laburare ba ya ihu.

Alhaji Mai Goro, Alabar:
Baba ya faɗi gaskiya, amma ni ku bar ni in faɗi tawa. Tun da aka fara sakandare kyauta a Satumbar 2017 yara suka yi yawa, har a 2018 aka raba su kashi biyu, wasu na makaranta wasu na gida. Mun ji shugabannin makarantu suna kukan abinci ya ƙare a sito. A firamare akwai inda yara uku ke kan benci ɗaya. In ni ke riƙe da jakar, abinci zan fara saya, sai benci, sai alli. Yaron da bai ci ba, littafin me zai karanta?

Maman Hafsa:
Alhaji, ba wanda ya ce a hana su abinci. Amma ai ba don cin abinci muka kai su ba.

Malama, Sawaba:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni Turanci nake koyarwa a ƙaramar sakandare, kuma makullin laburaren makarantarmu a jakata yake, don haka bari in gaya muku yadda abin yake daga ciki.

Maman Hafsa, 'yarki ta yi sa'a da ta taɓa samun mai laburare. A firamare da ƙaramar sakandare na gwamnati, yawancinmu ba mu taɓa ganin wannan ma'aikaci ba. Abin da ake yi, hedimasta ya dubi malamar Turanci ya ce ke ce mai laburare, ga makulli. Ba a rage miki darasi ko ɗaya ba, ba alawus, ba horo. Kina da azuzuwa cike da yara, ga littattafan aikinsu jibge suna jiran maki, ga rajista, ga shirin darasi da za a duba. A jadawali akwai lokacin laburare, amma da jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare ta matso sai a mayar da shi lokacin bitar tambayoyin baya. Ba mugunta ba ce, kowa sakamako ake tambayarsa.

Akwai kuma tsoro, wanda ba a cika faɗa ba. Littafi in ya ɓata, wanda ya sa hannu ya karɓa shi za a tuhuma. Saboda haka malami mai gudun magana sai ya bar su a kwali, ya kulle. Masu bincike su zo su ƙirga, lissafi ya cika, kowa ya yi murna. Ni da idona na buɗe kwalin da wata ƙungiya ta kawo, na tarar gara ta cinye rabinsa, ba yaron da ya taɓa buɗe shafi ɗaya. A takarda makarantar tana da laburare.

Alhaji, aikin da nake nufi ba jera littafi a kanta ba ne. Akwai yaro a ajina, shekararsa ta kai goma sha uku, in an ce ya karanta sai ya sunkuyar da kai, abokansa na dariya. Littafin ajinsu ya fi ƙarfinsa, littafin 'yan aji biyu kuma yana jin kunyar a gan shi da shi. Abin da yake bukata shi ne wani babba da zai lura, ya kira shi gefe lokacin da ba kowa, ya ba shi ɗan littafi mai sauƙi a kan ƙwallo, tunda ƙwallo yake so, ya ce je ka da shi gida, kada ka nuna wa kowa in ba ka so. Mako mai zuwa ya ba shi wanda ya ɗan fi wancan. Malamin da ke gaban yara sittin ba zai iya wannan ba. Wannan shi ne aikin, kuma shi ne ba ya fitowa a kasafin kuɗi.

Ɗan Alabar:
Anti Malama, Allah ya saka. Amma ku yi haƙuri, zamani ya wuce nan. Ni gyaran waya nake a Adum, yaran nan da kuke gani sun fi mu iya latsa waya. A 2024 gwamnati ta ƙaddamar da rabon kwamfutar hannu ga ɗaliban sakandare. Hukumar laburare ta ƙasa ma tana da manhaja da za ka sauke ka karanta littattafai kyauta. Me zai sa a biya mutum albashi ya zauna gadin takarda?

Malama:
Ƙanena, yaran da nake koyarwa ba a ba su kwamfutar hannu ba, na babbar sakandare aka yi wa alkawari. Wayar gidansu ta uwa ce, tana kasuwar Kejetia da ita har magariba. In ta dawo, data ta sayi ko gawayi? Sannan ka gaya mini tsakani da Allah, cikin wayoyin yaran da ake kawo maka gyara, nawa ka ga manhajar karatu a ciki?

Ɗan Alabar:
TikTok dai da wasan ƙwallo. Amma wannan laifin tarbiyya ne, ba laifin waya ba.

Ɗalibar Legon:
Yaya Ɗan Alabar, ai maganarka ta dawo kan tamu. Wa zai yi tarbiyyar? Ni a sashen nazarin bayanai na Jami'ar Gana da ke Legon nake, inda ake horar da masu aikin laburare. Rabin abin da ake koya mana yanzu a kan intanet ne: yadda za ka nemi bayani, yadda za ka gane wanda ya rubuta shi da dalilinsa, yadda za ka bambanta labarin gaskiya da na ƙarya. Ku dubi abin da ake turowa a zaurukanmu na WhatsApp, maganin da ke warkar da kowace cuta, muryar da aka ce ta wani malami ce alhali ba tasa ba. Manya ma suna faɗawa, balle yaro. Ka ba yaro kwamfuta ba mai nuna masa hanya, zai kwafo amsa ya miƙa, bai san me ya rubuta ba.

Kuma ga abin da ya fi tayar mini da hankali. An yi gwajin karatu na ƙasa ga 'yan aji biyu na firamare a 2013, aka sake a 2015. Duka biyun sun nuna kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai ke iya karatu a sake tare da fahimtar abin da suka karanta. Kusan rabi ba su iya karanta kalma ko ɗaya ba. Sannan a Satumbar 2019 aka kawo sabuwar manhajar karatu ta firamare, aka yi shekaru littattafanta ba su iso azuzuwa ba. Yaron da ya taso a wannan tsakani, in ba wani ya sa masa littafin labari a hannu ba, a ina zai ga rubutu mai tsawo? A allo kawai.

Tsohon Hedimasta:
Allah ya yi miki albarka, jikata. Abin takaicin shi ne ƙasar nan ba baƙuwar laburare ba ce. Hukumar laburare ta fara aiki tun 1950, shekara bakwai kafin 'yancin kai, tana cikin na farko-farko a Afirka ta kudu da Sahara. Muna yara, a ƙafa muke tafiya daga Zongo har Cibiyar Al'adu da ke hanyar Bantama, inda laburaren Ashanti yake. Akwai wani ma'aikaci a sashen yara, in ka zo hannunka da datti sai ya nuna maka famfo, ka wanke ka dawo, sannan ya ba ka littafi. Bai taɓa korar ɗan Zongo ba. Da yawa cikinmu da muka zama malamai, a teburinsa muka fara. Laburaren yana nan har gobe, amma wace uwa ce yau za ta bar ɗan shekara tara ya ratsa Kejetia shi kaɗai? Dole littafin ya zo inda yaron yake, wato makaranta.

Ustaz, Sabon Zongo:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na karanta duka, kuma akwai ɓangaren da ba a taɓo ba. Yaronmu da Hausa ya tashi. Ya je makaranta, a koya masa Turanci da Asante Twi, da yamma ya zo wurinmu ya yi Larabci. Harsuna 11 ne gwamnati ta amince a koyar da su a makarantu, akwai Dagbani, akwai Gonja, akwai Kasem, babu Hausa. Ma'ana ba wanda zai turo wa makaranta littafin Hausa daga sama. In ka ga littafin Hausa a kantar makaranta a Kumasi, to wani mutum ne ya damu, ya yi sallahu aka kawo masa daga Kano ko Zariya. Yaron da ya ga harshen uwarsa a rubuce, ya karanta ya gane ba tare da an fassara masa ba, ranar ce yake yarda cewa karatu magana ce. Na ga haka a kan 'ya'yana.

Mu kuma ba mu da hujjar cewa littafi baƙonmu ne. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya zauna a Salaga ya rasu a 1934, ya bar waƙoƙi da tarihi da Larabci da ajami, kuma a shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon ta bi gidajen malamai tana tattara irin waɗannan rubuce-rubuce. Yau a unguwannin nan namu, malami ya rasu, a bar akwatunan littattafansa a ɗaki mai yoyo, magada ba su san me ke ciki ba. Ciwon ɗaya ne da na kwalin Malama. Ɗakin littafi ba mai kula da shi kamar masallaci ne ba ladan, ginin na nan, ba mai kiran jama'a.

Tun 1987 aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi, makarantunmu na Turanci da Larabci suka shiga hannun gwamnati, tana biyan malamai. Alheri ne. Amma ku zaga ku gani, nawa ne cikinsu ke da ko kabad ɗaya na littafin da ba na jarrabawa ba?

Maman Hafsa:
Ustaz, ka ƙara da maganar 'ya'ya mata. A gidan haya muke, ɗaki da falo, tsakar gida ɗaya da iyalai da yawa. Yarinya ta dawo, ga wanke-wanke, ga ɗiban ruwa, ga raino, wata ma sai ta ɗauki tire. Namiji ya fita abinsa. Laburaren makaranta ne kaɗai wurin da 'yata ke zama awa guda ba wanda ya ƙwala mata kira. Kuma da yake mace ce ke kula da wurin, hankalina a kwance yake in ta ce ta tsaya karatu.

Alhaji Mai Goro:
To na ji, kun rinjaye ni a kan amfaninsa. Sai dai ba na son mu yi ta kuka muna jiran gwamnati a Akra. Kuɗin da gwamnati ke ba firamare a kan kowane yaro, akwai lokacin da aka ɗaga shi ya kai sidi 10 a shekara, shi ma sai ya makara. Sidi 10 ko kwanon waken safe ba ta saya yanzu, balle littafi. Mu nawa ne a zauren nan? In kowa ya ba da abin da yake kashewa a ankon biki ɗaya, za mu biya wata yarinya da ta gama sakandare ta zauna a laburaren makaranta ɗaya shekara guda. Ni zan fara.

Tsohon Hedimasta:
Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, amma a nan ba na tare da kai gaba ɗaya. Na ga irin wannan sau da yawa. Wata uku na farko kowa na biya, Ramadan ya zo, layya ta zo, sai a bar yarinya da bin bashin alawus, ta gaji ta tafi, makulli ya koma jakar malamar Turanci. Na biyu, duk abin da muka ɗauke wa gwamnati, ba ta sake waiwayarsa. Harajin da ake cira a kan kayan da muke saya, daga cikinsa ake zuba wa GETFund. An kafa Asusun Raya Zongo da doka a 2017. Majalisar ƙaramar hukuma tana karɓar kasonta na asusun bai-ɗaya na ƙananan hukumomi, ɗan majalisa ma yana da nasa. Haƙƙinmu ne, ba roƙo ba, mu rubuta takarda mu nema. In ana gina bene mai azuzuwa shida, a ce ɗaki ɗaya na karatu ne, kuma a rubuta wanda zai zauna a ciki tun kafin a yanka kintinkiri.

Alhaji Mai Goro:
Baba, kafin takardarku ta kai teburin da za a sa mata hannu, yaron Malama ya bar makaranta ya kama tuƙin Pragya, keken haya mai ƙafa uku. Ni abin da hannuna zai iya nake magana.

Ɗalibar Legon:
Iyayena, ina ganin ba sai an zaɓi ɗaya ba, kuma akwai hanyar da ba ta cin kuɗi sosai. Makarantunmu da yawa a Asawase da Aboabo a haɗe suke, uku ko huɗu cikin fili ɗaya. Ba kowace ke bukatar nata ba. Ɗaki ɗaya, mutum ɗaya, jadawali ɗaya, kowane aji da ranarsa. Duk shekara ana tura masu bautar ƙasa makarantu, gwamnati ke biyan alawus ɗinsu, cikinsu har da waɗanda suka karanci wannan fanni, sai ka ga an tura su wani ofis suna zaman jiran a aike su. In shugabannin makarantun suka haɗu suka nema a rubuce, ana iya turo musu. Hukumar laburare kuma tana da sashen da ke kula da laburaren makarantu da kwalejoji, ana iya neman su horar da wanda aka samu.

Malama:
Ƙanwata, shawararki ta yi, sai dai mai bautar ƙasa shekara ɗaya yake yi. Lokacin da ya gama sanin sunayen yara da abin da kowa ke iya karantawa, lokacin zai tafi. Dole a samu malami na dindindin a bayansa. Ni abin da nake roƙo bai kai albashi ba: a rage wa malamin da ke riƙe da makulli darussa, a rubuta a jadawali cewa waɗannan awoyi na laburare ne, kada a taɓa su ko jarrabawa gobe ce. Sannan a yarda a rubuce cewa littafin yara yana yagewa, yana ɓata, kuma ba za a cire daga albashin kowa ba. Wallahi in aka cire wannan tsoron kaɗai, kwalaye da yawa za su buɗe a garin nan.

Masu niyyar kawo gudummawa kuma, don Allah ku tambaye mu tukuna. Kada a kwaso mana tsofaffin littattafan jami'a na Ingila da Amurka da aka rasa inda za a zubar. Muna son na labari masu hoto da manyan baƙaƙe, na marubutan Gana da sauran Afirka, da na Hausa irin wanda Ustaz ya ce, kofi biyar-biyar don yara su karanta tare. Da tabarma, da fanka in da hali.

Ɗan Alabar:
Anti, ban sauka daga maganar waya ba, nan gaba can za a koma. Amma in an samu ɗakin, akwai tsofaffin kwamfutoci biyu a shagona da masu su suka bar mini, zan gyara in kawo, in sauke littattafai a kai yadda ba sai da data ba. Wayarin ɗin ma ni zan yi.

Ustaz:
Ni zan yi wa limamai magana a saka shi cikin huɗuba. Wanda ya ba da littafi aka karanta, sadaka ce mai gudana, wanda ya biya mai buɗe ƙofar ma haka. Sai dai in za a buɗe ran Asabar, a bari sai bayan azahar, safiya ta makarantar allo ce, kada mu gyara nan mu ɓata can.

Alhaji Mai Goro:
Na yarda a rubuta takardar Baba, zan sa hannu. Kuɗina kuma na nan, amma da sharaɗi. Duk ƙarshen wata a turo hoton rajistar aro a zauren nan, a rufe sunayen yara, mu ga littafi nawa ya fita, nawa ya dawo. Ba hoton kanta da aka jera don baƙi ba. Kuma kuɗin kada ya zauna a hannun mutum ɗaya, a samu uku, ɗaya mace.

Tsohon Hedimasta:
Takarda biyu za a yi, kada a haɗa su. Ta firamare za ta bi ta kwamitin kula da makaranta zuwa daraktan ilimi na ƙaramar hukuma. Ta sakandaren su Maman Hafsa kuwa ƙungiyar iyaye ce za ta kai wa shugaban makarantar, a nemi ya ba wani malami riƙon ƙwarya kafin a turo ma'aikaci, wannan yana cikin ikonsa. Malama, ki turo mini adadin darussan da kike ɗauka a mako da yawan yaran kowane aji, da su zan buɗe takardar farko. Jikata ta Legon, ke za ki duba mini Turancin.

Mai kula da zaure:
Za a zauna ran Lahadi bayan la'asar a ƙofar gidan Baba. Wanda ba zai samu zuwa ba ya rubuta sunan makarantar unguwarsu ya turo mini ni kaɗai, ba a nan ba, ya faɗa ko tana da ɗakin karatu da wanda ke riƙe da makullin. 'Yan Tafo da Ayigya, ba mu ji daga gare ku ba har yanzu.